AMSOSHIN WASIƘUNKU: Zaki Da Doki Mai Ƙaho A Gindin Faranti

  Kamar yadda muka saba, abin da muka karanta a rediyo shi muke bugawa a nan, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, ko kuwa a karanta masa.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan tireda a wani ƙauye kusa da Zariya. Bayan gaisuwa, ga abin da yake cewa:

"Mahaifiyarmu ta rasu bara. Da aka zo raba kayan ɗakinta sai muka tarar da farantan tangaran guda shida da wata babbar tasa mai murfi a ƙasan adaka, an naɗe su cikin tsohon zane. Ita ma gadonsu ta yi wurin mahaifinta, wanda ya yi aikin kuku a gidan wani Baturen jirgin ƙasa. Farare ne fat, ga kauri ga nauyi. A gindin kowanne akwai hoton zaki da doki mai ƙaho sun riƙe garkuwa, an rubuta ROYAL IRONSTONE CHINA, JOHNSON BROS, ENGLAND. Akwai kuma wata buta mai shuɗin fure da na saya da kaina wurin wani mai gwanjo. Ita ma da zaki da doki, amma IRONSTONE kawai aka rubuta, babu sunan kowa. Wani dillali ya zo har gida sau biyu, ya ce tarkace ne, amma zai taimaka ya saya. Maƙwabcina kuwa ya ce kayan fadar Sarauniyar Ingila ne, kuɗinsu zai sayi tarakta. Yanzu ƙannena mata biyu sun fara zargin ina so in sayar a ɓoye. Don Allah ku warware mini: mene ne waɗannan kaya, yaushe aka yi su, kuma maganar wa zan kama?"

To, Malam, Allah ya jiƙan mahaifiya, ya sa ta huta. Mun gode da wannan wasiƙa, kuma ka kyauta da ka kwafo mana rubutun yadda yake, domin amsar tambayarka tana nan a gindin farantin. Amsa a taƙaice ita ce: kada ka kama maganar dillali, kada kuma ka kama ta maƙwabci. Bari mu bi abin daki-daki.

MENE NE IRONSTONE?

Kalmar IRONSTONE ma'anarta dutsen ƙarfe. Amma fa suna ne kawai na talla. In ka sa maganaɗisu a jikin farantin ba zai kama ba, in kuma ya faɗi a kan siminti zai fashe. Watau ba irin su langa da fanteka ba ne da mata ke jere da su, waɗanda ƙarfe ne aka shafe da fenti mai ƙyalli. Wannan yumɓu ne aka gasa, ɗan'uwan tukunyar da magina ke yi, sai dai haɗinsa da zafin wutarsa sun bambanta. Ana haɗa farin yumɓu da garin dutsen ƙyastu da garin wani dutse da ake haƙowa a yankin Cornwall na Ingila. Sau da yawa akan ɗiga ɗan sinadari mai ba da shuɗi domin farin ya fito, kamar dai yadda mai wanki ke sa bula a farin kaya. Bayan an gasa sai a tsoma cikin ruwan ƙyalli a sake gasawa, ya fito sumul kamar gilashi.

Kalmar CHINA kuma kada ta ruɗe ka. A nan ba ƙasar Sin ake nufi ba. Haka Turawan Ingila ke kiran tangaran, saboda daga Sin suka fara samun na ƙwarai. Tangaran ɗin Sin siriri ne, in ka ɗaga shi a rana za ka ga inuwar yatsunka ta bayansa, ga tsada, ga saurin fashewa. Abin da maginan Ingila suka nema shi ne tangaran mai kama da shi a ido, amma mai arha da ƙwari, wanda zai jure tafiyar jirgin ruwa da wankin yau da kullum. Shi ya sa naka yake da nauyi, haske kuma ba ya ratsa shi.

Wanda ya yayata wannan suna shi ne wani magini mai suna Charles James Mason. A cikin 1813 ya karɓi takardar gwamnati wadda ta ba shi ikon yin wannan haɗi shi kaɗai har shekara 14. Da wa'adin ya cika a 1827, sai sauran masana'antu suka yi ta yin nasu suna buga sunan a kai. Shi kansa Mason ya karye a 1848, aka yi gwanjon kayan aikinsa. Zanensa da sunansa suka koma hannun Francis Morley, daga baya kuma suka koma hannun kamfanin Ashworth, wanda ya ci gaba da buga sunan Mason har fiye da shekara 100. A 1973 kamfanin ya shiga ƙarƙashin Wedgwood. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kusan duk waɗannan masana'antu wuri ɗaya suke, a gundumar Staffordshire da ke tsakiyar Ingila. Garuruwa shida ne maƙwabtan juna: Tunstall, Burslem, Hanley, Stoke, Fenton da Longton. A 1910 aka haɗe su suka zama gari ɗaya mai suna Stoke-on-Trent. Dalilin taruwarsu nan shi ne akwai kwal na gasawa a ƙarƙashin ƙasarsu, sa'an nan a 1777 aka gama haƙa wata hanyar ruwa da ta haɗa su da kogin da ke bi ta Liverpool. Ɗan kasuwa ya san amfanin wannan: kayan fashi sun fi tsira a kwalekwale bisa ga amalanke. Saboda haka in ka ga ɗaya daga cikin sunayen nan shida a gindin faranti, sunan gari ne, ba na mutum ba.

Farare zalla irin naka kuwa, tun wajen 1840 aka fara yinsu da yawa domin kasuwar Amurka da Kanada, inda manoma suka fi son kaya marasa ado masu ƙarko. Har wani kamfani na Tunstall mai suna Elsmore & Forster ya yi rajistar wani samfuri a 1859 mai zangarniyar alkama kewaye da baki, ya samu kasuwa ƙwarai, wasu suka yi ta kwaikwayo. Ke nan asalin kayan nan na teburin manomi ne da ɗan kasuwa.

ZAKI DA DOKI BA SHAIDAR FADA BA NE

Wannan zaki da doki mai ƙaho ɗaya tambarin masarautar Ingila ne, irin wanda dattawa suka sani a takardun gwamnati zamanin Turawa. Nan maƙwabcinka ya yi gaskiya. Inda ya kuskure shi ne, masana'antu barkatai sun buga shi a kayansu don jawo mai saye, haka ma kalmar ROYAL mai nufin na sarauta. Har maginan Amurka sun riƙa buga irinsa domin a ɗauka kayansu na Ingila ne. Saboda haka tambarin shi kaɗai bai nuna Sarauniya ta taɓa ganin farantin ba.

Amma yana da amfani guda. Dubi garkuwar da ke tsakiya. In an raba ta gida huɗu, sa'an nan akwai wata 'yar ƙaramar garkuwa a cibiyarta, to irin tambarin kafin 1837 ne. A shekarar ce Sarauniya Victoria ta hau gado aka cire ƙaramar. In gida huɗu ne kawai, to daga 1837 zuwa gaba ne.

YADDA AKE KARANTA HATIMI

Ga ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci: hatimi ba ya faɗa maka ranar da aka yi kaya, sai dai ya faɗa maka shekarar da ba za a ce an yi su kafin ta ba. Kamar haƙoran sa ne a kasuwar dabbobi: ba za su ba ka ranar haihuwa ba, amma za su hana a sayar maka da tsoho a matsayin ɗan maraƙi. Ana tara alamu ne, wadda ta fi kusa da zamaninmu ita ke yanke hukunci.

Na ɗaya, sunan kamfani. Kowane kamfani da shekarar da aka kafa shi. J. & G. Meakin sun fara a 1851 a Hanley. Alfred Meakin ya fara a 1875 a Tunstall. Johnson Brothers, watau 'yan'uwa 'ya'yan gidan Johnson, sun fara a 1883 a Hanley, kuma BROS ɗin da ka gani gajarta kalmar 'yan'uwa ce. Wani lokaci ba a buga sunan da tawada ba, danna shi aka yi cikin yumɓu tun yana ɗanye. Irin wannan sai ka karkata farantin a hasken rana, ko ka ɗora takarda ka goga fensir a hankali, rubutun zai fito.

Na biyu, kalmar ENGLAND. A 1890 Amurka ta yi dokar kwastan wadda ta ce duk kayan da za a shigar mata sai an rubuta sunan ƙasar da ta yi su, aka fara aiki da ita a 1891. Saboda haka yawancin kayan da ke ɗauke da ENGLAND daga 1891 ne zuwa gaba. In kuwa MADE IN ENGLAND aka rubuta, to kayan ƙarni na 20 ne, galibi daga wajen Yaƙin Duniya na Ɗaya zuwa gaba. Amma rashin kalmar ba ya tabbatar da tsufa, domin ba kowane kaya aka yi don Amurka ba.

Na uku, LTD ko LIMITED bayan sunan kamfani. Wannan ba ya zuwa kafin wajen 1860, kuma ya fi yawa a ƙarshen ƙarnin. Haka TRADE MARK, ba ya zuwa kafin 1862.

Na huɗu, alamar rajista. Daga 1842 zuwa 1883, in kamfani ya yi rajistar sabon samfuri a Landan don kada a kwaikwaya, yakan buga wata alama mai kusurwa huɗu a tsaye bisa tsininta, da Rd a tsakiya, da ɗan da'ira a samanta mai ɗauke da IV, watau rukunin kayan yumɓu. A kusurwoyin akwai harufa da lambobi na rana da wata da shekara. Daga 1842 zuwa 1867 harafin shekara yana kusurwar sama. Daga 1868 zuwa 1883 ya koma kusurwar dama, lambar rana ta hau sama. Harufan ba a jere suke ba. Alal misali, X a sama 1842 ne, M a sama 1859 ne, T a sama 1867 ne. Amma X a dama 1868 ne, K a dama kuma 1883. Daga 1884 aka bar wannan alama aka koma rubuta Rd No da lamba, aka faro daga 1, kafin 1900 ta kai wajen 350,000. A nan ma a lura: ranar rajistar samfuri ce, kuma samfurin da ya samu kasuwa akan yi shekaru ana yinsa.

Na biyar, duk inda ka ga an rubuta cewa ana iya sa kaya cikin injin wanke-wanke, kamar DISHWASHER, ko cikin na'urar ɗumama abinci, MICROWAVE, to na zamani ne, ko da an zana masa kambi goma.

Yanzu mu koma kan Mason. Na farkonsa akan danna MASON'S PATENT IRONSTONE CHINA cikin yumɓu, daga baya aka riƙa buga kambi da ƙyalle a ƙarƙashinsa. Da yake an ci gaba da buga wannan kambi har ƙarni na 20, sunan Mason shi kaɗai bai nuna kayan 1813 ba ne. Sai an duba ko akwai ENGLAND a ƙasa.

HUKUNCIN KAYANKA

To, Malam, mu ɗora farantanka a kan wannan ma'auni. JOHNSON BROS ya ce ba kafin 1883 ba. ENGLAND ya matso da mu 1891. Babu MADE IN, kuma wannan hatimi mai zaki da doki na farkon zamanin kamfanin ne, wanda suka yi amfani da shi har wajen 1913. Ke nan in hatimin na gaskiya ne, an yi su tsakanin 1891 da wajen 1913. Wannan ya dace da labarin gidanku, domin a 1911 layin dogo ya bi ta Zariya ya isa Kano. Sun haura shekara 100, kuma shekara 100 ita ce iyakar da masu wannan sana'a suka saba sawa kafin su kira abu kayan tarihi. Dillalin da ya ce tarkace ne bai faɗi gaskiya ba, kuma mutum ba ya sallama sau biyu a ƙofar gida saboda tarkace.

Amma maganar tarakta babu ita. Johnson Brothers na cikin kamfanonin tangaran mafiya girma a zamaninsu, sun yi irin waɗannan farantai ba iyaka, har yau suna nan da yawa a Amurka da Ingila. Abin da ke da yawa ba ya tsada, komai tsufansa. Farantin da ba shi da ado shi ne mafi arha cikin jerin. Abin da masu tarawa suka fi nema shi ne manyan kaya masu wuyar tsira, irin tasa mai murfi da tulun ruwa da butar shayi. Saboda haka tasar nan taka, in murfinta na asali ne kuma ba ta ɓantare ba, ita ce uwar kayan, kuma mai yiwuwa ita dillalin ke hange. Kada ka yarda a raba ta da murfinta, kada kuma ka yarda a yi maka kuɗin goro a kan duka.

Butar da ka saya kuwa, muna shakkarta. Akwai tsofaffin kaya na gaske marasa suna, amma tun ƙarshen ƙarni na 20 ake yin sababbi a Asiya, yawanci masu shuɗin fure, ana buga musu zaki da doki da kalmar IRONSTONE ba sunan kamfani ba sunan gari. Wanda aka fi sani cikinsu shi ne mai hatimin VICTORIA WARE. Kama da wane ba ta wane. Ga yadda za ka gwada. Dubi gindin: tsohon kaya yana da sulɓin gogewa inda ya shekara yana zama a kan tebur, sabo kuwa gindinsa fari ne ƙal ko mai kaushi, ko kuma an shafa masa datti da gangan. Dubi hatimin: na jabu sau da yawa babba ne fiye da kima kuma ya dusashe. Dubi mariƙin: na tsohuwar buta curarre ne, an yi shi daban an manna, na sababbin kuwa sau da yawa holoƙo ne, har akan ga ɗan rami ta ciki inda ya haɗu da jiki. A tsofaffin farantai kuma akan ga 'yan ɗige-ɗige uku-uku, sawun ƙafafun da aka ɗora su a kai cikin matoya. Wannan ba aibi ba ne, shaida ce.

LAFIYAR KAYA DA LAFIYAR MAI SU

Kamar yadda ake ƙwanƙwasa tukunya kafin a saya, haka za ka ɗora faranti bisa yatsu ka ɗan buga shi da farce. Lafiyayye yana amo, mai tsaga kuwa sai ka ji ƙwaf. Tsaga da ɓantara da gyaran gam duk suna karya kuɗi ƙwarai. Akwai kuma 'yan tsage-tsage siri-siri kamar saƙar gizo-gizo a kan ƙyallin. Ta nan mai da miya ke shiga su bar tabo ruwan ƙasa.

Kada ka sa bilic don cire wannan tabo. Yana shiga ta tsagogin ya zauna ƙarƙashin ƙyallin, daga baya ya riƙa ɓamɓare shi. Kada a goge da toka ko yashi ko soson ƙarfe, kada a zuba tafasasshen ruwa. Ruwa mai ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. In za a jera su, a sa ƙyalle tsakanin faranti da faranti.

Sa'an nan muna ba da shawara a daina cin abinci a cikinsu, musamman masu tsaga da masu launi. A wancan zamani ana haɗa ruwan ƙyalli da dalma, kuma abu mai tsami kamar tsamiya da lemo da nono yana iya jawo ta cikin abinci. Gubar dalma ta fi yi wa yara ƙanana da mata masu ciki illa. A ajiye su don ado.

SHAWARARMU

Abu na farko, Malam, kayan nan gado ne, ba naka kai kaɗai ba. Tara ƙannenka, ka shimfiɗa kayan a gabansu, ka karanta musu wannan amsa. Duk tayin da aka yi a yi shi a kan idonsu. Zumunci ya fi farantai shida da tasa.

Na biyu, kada a yi cinikin biri a sama. A sa wani yaro mai waya ya ɗauki hoton kowane ɗaya, sama da gindi, hatimin ya fito sosai. A rubuta kalmomin hatimin a intanet a ga irinsu, kuma a dubi kuɗin da aka sayar, ba wanda mai kaya ya sa ba, domin kai ɗan tireda ka san bambancin suna da sallama. A tuna kuma kuɗin kasuwar Landan ba shi ne na ƙofar gida ba, akwai dako da la'ada da hasarar fashewa a hanya. A nemi tayin mutum biyu ko uku. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi tukuna don ya kawo maka Bature mai saye, ko don a yi wa kaya gwaji, ka sallame shi.

Na uku, in kuɗin da aka taya bai taka kara ya karya ba, ba dole ne a sayar ba. A rubuta a takarda sunan kakanku da inda ya yi aiki da yadda kayan suka zo gidan, a ajiye tare da su. Masu tarawa kansu suna daraja kayan da aka san tarihinsu, jikokinku kuma za su so su sani.

Ga sauran masu sauraro, musamman masu sayen kayan gwanjo da iyayenmu mata masu tsofaffin adakoki: kafin ku zubar ko ku sayar, ku kifa kaya ku dubi gindinsa. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Da fatan mun gamsar da kai, Malam. A gai da mutanen gida da abokan kasuwa. Wanda ke da tambaya ya aiko mana, ya rubuta a fili yadda za mu iya karantawa.